Daimon A Kayan Lefe: Sikeli Kaɗai Ba Ya Faɗin Darajarsa

A kakar bara wani maƙwabcina a Birnin Tudu ya sayar da shinkafar da ya noma a gonar ban-ruwa ta Bakolori, ya tafi Kano haɗa lefen ɗansa. A cikin kayan akwai sarƙar gwal mai duwatsu masu ƙyalli, waɗanda aka ce masa daimon ne, watau lu'ulu'u. Bayan 'yan watanni rashin lafiya ya shiga gidan, aka kai sarƙar kasuwa. Mai saye ya ciccire duwatsun, ya ajiye su gefe, ya auna gwal kaɗai. Ashe ƙwalaben gilashi ne, an kuwa biya kuɗinsu da farashin gwal.

Mai karatu, mu mutanen wannan yanki mun san gwal, gama ana haƙo shi a Maradun da Anka da Bukkuyum. Mun saba a ɗora shi kan sikeli a faɗi kuɗinsa. To, cinikin daimon dabam yake. Ko kalmar karat ma ta rabu biyu. A gwal tana nufin tsabta, kamar 18 ko 21 ko 24. A daimon kuwa nauyi ne, karat 5 su ne giram 1.

Sa'ad da aka haƙo daimon daga ƙasa, kama yake da tsakuwa mai dushi-dushi. Hannun mai yanka ne ke fito da haskensa. Alal misali, dutsen Kulinan da aka samu a Afirka ta Kudu a 1905 ya kai karat 3,106. Da aka yanka shi a Amsadam a 1908, wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa ya tafi, babban yankin da ya fita kuwa karat 530 ne. Masu shi sun yarda da wannan hasara domin a sami haske.

Yaya abin yake? Daimon mai da'ira yana da fuskoki 57 ko 58, kowace tana aiki kamar ɗan madubi. Haske ya shiga ta sama, ya bugi fuskokin ƙasa, ya komo wa idon mai kallo. A 1919 wani ɗan birnin Antwap na Beljiyam, Marcel Tolkowsky, ya lissafta karkatar da ta dace da fuskokin nan. In dutsen ya yi zurfi da yawa, hasken zai zurare ta gefe, tsakiyarsa ta yi duhu. In ya yi faɗi ba zurfi, sai ya yi fari fat kamar idon mataccen kifi.

A nan ne wayon yake. Tun da da nauyi ake sa farashi, wani mai yanka yakan bar wa dutsen ƙaton gindi domin ya cika karat guda. Ka biya kuɗin nauyin da ke ɓoye cikin zobe, ga shi ba haske. Daimon mai da'ira na karat 1 da aka yanka daidai, faɗinsa wajen milimita 6.5 ne. In ya gaza haka sosai, nauyin ya tafi ƙasa.

Domin maganin irin wannan, cibiyar GIA ta Amurka, wadda aka kafa a 1931, ta tsara auna daimon ta hanyoyi huɗu: nauyi, launi, tsabtar ciki, da kyan yanka. Tun 2006 takardar shaidarta tana nuna matakin yankan daimon mai da'ira, hawa biyar daga mafi kyau zuwa mafi muni. Sau da yawa akan zana lambar takardar a gefen dutsen, sai da madubin ƙara girma ake ganinta.

Ga shawara ga mai niyyar saye, ko a Kano ne, ko a Jidda ko Dubai. Da fari, nemi takarda, ka kuma gwada lambarta da ta jikin dutsen. Na biyu, fita da shi daga hasken fitilun kanti, ka duba shi a inuwa da rana, gama fitilun nan har gilashi suna yi wa ado. Na uku, tambaya ko na ƙasa ne ko na masana'anta. Yanzu ana ƙera daimon na gaske a masana'anta, kuma kuɗinsa bai kai na ƙasa ba ko kusa. Na huɗu, in sarƙar gwal ce mai duwatsu, a rubuta maka nauyin gwal dabam a rasit.

Daga ƙarshe, iyaye su tuna cewa kayan adon amarya ajiya ce ta ranar buƙata. Ƙaramin dutse mai kyan yanka da takarda ya fi babba marar shaida. Wanda kuwa bai sami mai tabbatar masa ba, gara ya tsaya ga gwal zalla, wanda kowane maƙeri a kasuwar Talata Mafara zai iya aunawa. Ba a cinikin biri a sama.