Takobin Gora na Mutanen Japan

Babu garin da ya fi Daura cancantar a yi zancen takobi a cikinsa, domin kuwa tarihin da aka gada kaka da kakanni ya nuna da kaifin ƙarfe Bayajida ya sare kan macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, kuma har yau ana ajiye da takobin da ake jingina masa a fadar Sarki. Ranar hawan Salla ko na Gani za ka ga hakimai da barade sun rataya takubba da hamila, kube yana ƙyalli a kan lifidi. Amma da za a tambayi yawancin samarin da ke bisa dawakan nan yadda ake zaro shi, da yadda ake kare sara, da inda ƙafa take tsayawa sa'ad da hannu ya kai suka, da an tarar ilmin ya bi kakanni kabari, ado kaɗai ya saura.

Mutanen Japan su ma sun iso wannan mararraba, sai dai hanyar da suka ɗauka dabam ce. A 1876 hukumar Sarki Meiji ta hana mayaƙan gado, waɗanda ake kira samurai, yawo da takobi, alhali kuwa shi ne alamar darajarsu shekaru aru-aru. Maimakon a bar fannin ya mutu, sai malamansa suka mayar da shi makarantar tarbiyya, abin da ya sauƙaƙa musu kuwa shi ne tun a farkon ƙarni na 18 wani malami mai suna Naganuma ya gyara sulken koyo da takobin gora, don almajirai su riƙa sara da iyakar ƙarfinsu ba tare da an zub da jini ba. Wannan wasa shi ne kendo. An hana shi bayan Japan ta sha kashi a yaƙi a 1945, aka farfaɗo da shi a 1952 da kafa ƙungiyarsa ta ƙasa, ta duniya kuma ta biyo baya a 1970. Tun daga 2012 wajibi ne ɗaliban ƙaramar sakandare a can su koyi ɗaya daga wasannin yaƙin gargajiya, kendo yana cikinsu.

Takobin, tsagin gora huɗu ne aka haɗe da fata da tsirkiya, tsawonsa ga baligi ba ya wuce santimita 120, nauyinsa kuwa ga namiji rabin kilo da ɗan ɗoriya. Mai jin wannan zai raina shi, har sai ranar da aka ce ya ɗaga shi bisa kai da hannu biyu, ya sauko da shi ya tsayar cak daidai goshin abokin gaba, ya maimaita sau ɗari yana gaba yana baya ba takalmi, dunduniyar hagu a ɗage. A nan ne kafaɗa da damtse da ƙwauri suke ba da shaida, numfashi ya yi tsawo, gadon baya ya miƙe. Ga kuma kwalkwali mai ragar ƙarfe da sulken ƙirji da safar hannu masu kauri, waɗanda suke sa gumi ya tsiyaya ko da sanyin hunturu.

Amma faɗakarwar da ta fi muhimmanci a wurina tana cikin hukuncin gasar. Wurare huɗu kaɗai aka halatta: kai, wuyan hannu, kwiɓi, da sukan maƙogwaro. Alƙalai uku suna tsaye da tuta ja da fara, kuma ba za su ɗaga ba don kawai gora ta taɓa wurin, sai in niyya da takobi da jiki sun isa a lokaci guda, wato kururuwar mai sara da bugun ƙafarsa da saukar gorar sun zama abu ɗaya. Bayan haka ma akwai sharaɗi: lalle ya ci gaba da kasancewa a faɗake, ya juyo ya fuskanci abokinsa da shiri, domin wanda ya yi tsallen murna ko ya nuna alfahari ana iya soke masa cin da ya yi. Wanda ya zauna gaban malaman zaure ya ji bayaninsu a kan halartar zuciya da yaƙin nafsu ba zai ga baƙon abu a nan ba, ko da yake asalin aƙidar ba ɗaya ba ne. Kafin a fara darasi da bayan an gama, almajirai sukan durƙusa a sahu su yi shiru na ɗan lokaci don tattara hankali, sa'an nan su rusuna wa malami da juna. Batun rusunawar nan, Musulmin da zai shiga fannin ya kamata ya nemi fatawar malaminsa. Motsa jiki da makami kuwa ba abin ƙi ba ne, tun da ya tabbata Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar Idi.

Ba na ganin wajibi ne sai mun yi odar sulke daga Tokyo, ga shi da tsada, masu koyarwa kuma ba su da yawa a ƙasarmu. Muna da takkai, inda samari suke kewayawa suna haɗa sanduna bisa kiɗa, wanda ya yi gafala na ƙiftawar ido yatsunsa su biya. Muna da makiyayan karkarar Zango da Ɓaure waɗanda sanda take juyawa a hannunsu tun suna yara. Abin da babu shi ne malami da darasi da matakai, yadda yaro zai san inda ya faro da abin da ke gabansa, dattijo kuma ya ci gaba da zuwa fili. A kendo ba a yarda mutum ya nemi daraja ta takwas, wadda ita ce ƙololuwa a yau, sai ya cika shekara 46 kuma, galibi, ya yi shekara 10 a ta bakwai, kuma a cikin ɗari da suka shiga jarrabawar da ƙyar mutum ɗaya ko biyu suke haye ta.