Sayen Kwamfuta a Dutse: Abin da Alƙaluma Ke Faɗa

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Labarin ya shafi ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ma'aikacin sakatariya fiye da yadda suke zato, domin kwamfutocin hannu da ake saro mana daga Kano da yawansu tsofaffi ne. Windows 11 kuwa tana neman, in ban da 'yan kaɗan, injin Intel na zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, da RAM gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64.

Gane zubin ba wuya. Ka sa mai shago ya buɗe maka bayanin injin. In ka ga i5-8250U, lambar 8 da ke bayan ɗan layin ita ce zubin. In i5-6300U ce, zubi na 6 ke nan, ko da jikinta na ƙyalli kamar yau aka ɓare ta daga kwali.

A wajen ƙara wa kwamfuta ƙarfi ne tazarar da ke tsakanin kwamfutocin Windows da na Apple ta fi fitowa. ThinkPad T480 da Dell Latitude 5490 da HP EliteBook 840 G5 kowacce tana da gurbin RAM biyu, kuma tana ɗaukar har gigabait 32. Mai gyara zai kwance murfin ƙasa, ya danna sabon RAM a gurbinsa, an gama. Wato ka saya da 8 bana, ka kai ta 16 baɗi idan aljihu ya yi nauyi. Apple kuwa ya toshe wannan ƙofa: MacBook Air ta farko mai injin M1 na Nuwamba 2020 ta zo da gigabait 8 ko 16 a haɗe da injin, kuma abin da ka saya da shi za ka zauna. A ganina wannan babban aibi ne ga mutumin da ke tara kuɗi sannu a hankali.

Amma a bai wa MacBook Air haƙƙinta. Apple ya ce batirinta na kaiwa awa 18 ana kallon bidiyo, kuma duk mai dogaro da wutar KEDCO ya san darajar wannan. Ga ta da sauƙin sarrafawa. Chromebook ma haka take, Google kuma ya yi alkawarin sabunta ƙirar 2021 zuwa sama har shekara 10, sai dai yawan aikinta na jingine da intanet, data kuwa kuɗi ce.

Ga masu wasa, ƙidayar da dandalin Steam ke fitarwa duk wata na nuna sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan wasansa Windows suke amfani da ita, Mac kuwa kusan kashi 2. EA Sports FC 24, wanda ya gaji FIFA a 2023, yana son RAM gigabait 8 da fili gigabait 100, kuma bai fito a Mac ba.

Sai dai wuta ce ke yanke hukunci. Kwamfutar tebur ta wasa da ke jan wat 400, in ta yi awa 5, ta sha yunit 2. Ta cinya mai caja wat 65 ba za ta wuce sulusin yunit ɗaya ba a daidai wannan lokaci, ninki shida ke nan tsakaninsu. PlayStation 5 tana tsakiya, wajen wat 200, ban da talabijin. Ƙaramin sola na gida zai riƙe ta cinya, ta tebur kuwa sai babbar inbata ko janareta.

Don haka ɗalibi ko ma'aikaci a Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu ya nemi ta cinya mai Windows, zubi na 8 ko sama, mai gurbin RAM da ake buɗewa. Kada ka miƙa kuɗi sai ka ga lambar injin da idonka.