Tsarar Mileniyal: Asalinta da Sigoginta da Iyakokinta

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da suka fito daga Ingilishin Amurka suka bazu a duniya tun farkon wannan ƙarni akwai kalmar "mileniyal". Ana jin ta a bakin 'yan jarida da 'yan kasuwa da 'yan siyasa, kuma sau da yawa akan ɗauke ta tamkar wani sabon suna ne na matasa, wani lokaci ma a mayar da ita zambo ga yaran zamani. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalin kalmar da mutanen da take nufi, ta kawo sigogin da aka ce sun bambanta su da magabatansu, sa'an nan ta auna ƙarfin hujjojin da aka gina waɗannan sigogi a kansu. Yin haka yana da muhimmanci ga manazarcin harshe, domin duk wanda ya ari kalma bai san iyakar ma'anarta ba, to, zai ɗora ta a kan waɗanda ba su ne masu ita ba.

2.0 Ma'anar Tsara

A Ingilishi kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda Hausa ta raba. Ma'ana ta farko ita ce matakin haihuwa a cikin zuriya, watau daga kaka zuwa uba, zuwa ɗa, zuwa jika. Ta biyu kuwa ita ce tsara, watau sa'o'in juna waɗanda aka haifa a lokaci ɗaya ko kusa da juna, suka kuma taso tare. Ma'ana ta biyun ce ta shafi wannan nazari.

Masanin zamantakewa Karl Mannheim, a wata maƙala da ya buga da Jamusanci a 1928, ya nuna cewa haihuwa a lokaci ɗaya kawai ba ta isa ta mayar da mutane tsara ɗaya ba. Wajibi ne su kasance a cikin al'umma ɗaya, manyan al'amura iri ɗaya su riske su a lokacin ƙuruciya, lokacin da tunanin mutum yake kafuwa. Ya kawo misali da matasan Sin da na Jamus na wajejen shekarar 1800, waɗanda shekarunsu suka zo ɗaya amma babu abin da ya haɗa rayuwarsu. Ke nan abubuwa uku ne suke gina tsara: lokacin haihuwa, da wurin tasowa, da abin da aka gani tare.

3.0 Asalin Kalmar da Iyakokin Shekaru

Tushen kalmar daga Latin yake, inda aka haɗa kalmar da take nufin "dubu" da wadda take nufin "shekara". Marubuta biyu Amurkawa, William Strauss da Neil Howe, su suka ƙirƙiro wannan suna a 1987. Dalilinsu shi ne yaran da aka haifa a 1982 za su kammala makarantar sakandare a shekarar 2000, watau a bakin ƙofar sabon zangon shekara dubu. Sun yi amfani da sunan a littafinsu mai suna Generations na 1991, da kuma Millennials Rising na 2000. A 1993 mujallar 'yan talla ta Advertising Age ta fito da wani sunan, watau "Tsarar Y", don ta biyo bayan "Tsarar X", amma daga baya sunan farko ya rinjaya.

Masana ba su haɗu a kan iyakokin shekarun ba. Strauss da Howe sun fara ƙirga ne daga 1982 har zuwa farkon shekarun 2000. Cibiyar Bincike ta Pew da ke Washington kuwa, a 2018 ta tsayar da 1981 zuwa 1996, kuma wannan shi ne ya fi karɓuwa. Hujjarta ita ce mafi yawan waɗanda aka haifa a wannan tsakani suna da shekara 5 zuwa 20 lokacin harin 11 ga Satumba 2001, don haka sun san abin da ya faru. Sun taka rawa a zaɓen Barack Obama na 2008. Sun kuma fito neman aiki a daidai lokacin da tattalin arziki ya durƙushe a 2008. Idan aka lura, dukkan waɗannan hujjoji daga tarihin Amurka aka ɗebo su. Bisa wannan ma'auni, a 2019 yawan 'yan wannan tsara a Amurka ya kai miliyan 72.1, har suka zarce tsarar da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946 zuwa 1964, wadda take da miliyan 71.6.

4.0 Sigogin Tsarar

4.1 Sabo da Na'urorin Sadarwa

Wannan tsara ta buɗe ido kafin intanet ta game gidaje, ta kuma balaga tare da ita. An kafa Facebook a 2004, wayar iPhone ta fito a 2007, lokacin da manyansu suke da shekara 26, ƙananansu kuma 11. Watau sun san rayuwar wasiƙa da wayar tebur da kaset, sun kuma san ta wayar hannu. A nan suka bambanta da ƙannensu da aka haifa daga 1997, waɗanda suka taso suka tarar da waɗannan na'urori.

4.2 Zurfin Ilimi da Nauyin Bashi

Ƙididdigar Pew ta nuna cewa a 2018 kashi 39 cikin ɗari na masu shekara 25 zuwa 37 suna da digiri, alhali kashi 29 ne kawai na Tsarar X suke da shi a waɗannan shekaru. Sai dai karatun jami'a a Amurka yana da tsada, da yawansu da rance suka yi shi. Sun kuma fito a mummunan lokaci, domin a Oktoba 2009 rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari.

4.3 Jinkirin Aure da Kafa Gida

Wani rahoto na Pew na 2014 ya nuna kashi 26 cikin ɗari ne kawai na matasan wannan tsara suka yi aure, alhali a irin waɗannan shekaru kashi 36 na Tsarar X da kashi 48 na 'yan bayan yaƙi sun riga sun yi. Haka kuma, a 2014, karo na farko cikin fiye da shekara 130, masu shekara 18 zuwa 34 da suke zaune a gidan iyayensu sun ɗara waɗanda suke zaune da abokan zama a gidan kansu.

4.4 Nesanta Kai daga Ƙungiyoyi

Rahoton na 2014 ya ƙara da cewa rabinsu ba su jingina kansu ga wata jam'iyyar siyasa ba, kuma kashi 29 cikin ɗari ba su danganta kansu da wani addini ba. Har wa yau, kashi 43 cikin ɗari ba farar fata ba ne, abin da ba a taɓa gani ba a tsararrakin da suka gabace su.

5.0 Tsakanin Siga da Zargi

Ban da waɗannan sigogi da ake iya ƙirgawa, akwai halayen da aka jingina musu, kamar son kai da lalaci da rashin haƙuri da wurin aiki. Jean Twenge ta buga littafin Generation Me a 2006, mujallar Time kuma ta yi babban labarinta a kan wannan zargi a watan Mayu 2013. Amma da aka bi diddigin zancen yawan sauya aiki, sai Pew ta gano a 2017 cewa kashi 63.4 cikin ɗari na ma'aikatan wannan tsara sun yi aƙalla wata 13 a wurin aikinsu, alhali kashi 59.9 ne na Tsarar X suka yi haka a shekarar 2000.

Wannan ya fito da babbar matsalar nazarin tsara. Idan aka ga wani hali ga matasa, yana iya zama na ƙuruciya, wanda za su bari idan sun girma. Yana iya zama na zamani, wanda ya shafi yaro da babba. Yana kuma iya zama na tsarar ita kanta. Rarrabe waɗannan uku abu ne mai wuyar gaske. Jinkirin aure, alal misali, ya fara tun kafin wannan tsara, kuma ƙuncin aljihu yana da hannu a cikinsa. Saboda irin wannan suka da masana suka yi ta yi, a 2023 Cibiyar Pew ta sanar da cewa za ta rage amfani da sunayen tsararraki, sai inda take da bayanan da za su ba ta damar kwatanta tsara da tsara a shekaru iri ɗaya.

6.0 Kalmar a Wajen Amurka

Idan aka koma ga sharaɗin Mannheim, za a ga cewa ɗan Nijeriya da aka haifa tsakanin 1981 da 1996 wasu al'amura ne daban suka rene shi: shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da komawa mulkin farar hula a 1999, da shigowar wayar salula a 2001. Wayar hannu da kafofin sada zumunta sun haɗa shi da sa'ansa na Amurka, amma aure da addini da zaman gida kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka nan kuskure ne a fassara kalmar da "matasa" ko "'yan zamani", domin waɗannan kalmomi suna sauya masu su kullum, ita kuwa tsara da mutanenta take tsufa. A 2025 ƙaramin cikinsu ya cika shekara 29, babbansu kuwa 44.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa "mileniyal" suna ne da aka raɗa a Amurka a 1987, wanda aka fi ɗora shi a kan waɗanda aka haifa daga 1981 zuwa 1996. Sigoginsu tabbatattu, watau sabo da na'ura da zurfin ilimi da jinkirin aure da nesanta kai daga ƙungiyoyi, sun samo asali ne daga yanayin da suka taso a cikinsa, halayen da aka zarge su da su kuwa ba duka ne bincike ya tabbatar ba. Don haka ya kamata mai fassara da mai tsara ƙamus su riƙe kalmar "tsara" tare da faɗin shekarun da ƙasar da ake nufi. Akwai kuma buƙatar manazarta su bincika sunayen da harsunan Nijeriya suke ba tsararrakinsu, da al'amuran da suke yanke iyakokinsu da su.