Sabunta Aksul Ɗin Baya Na Tsawaita Ran A-kori-kura

Tun faɗuwar darajar naira a 1986, masu jigilar kaya da yawa suka koma sabunta tsofaffin a-kori-kura, irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, maimakon sayen sababbi.

Aksul ɗin baya ne ke ɗaukar yawancin lodi. Idan ya fara kuka, makanikai kan canza haƙoran giyarsa, babba da ƙarami tare, domin sabo ba ya zama daidai da tsoho. Giya mai ƙarfin ja kuwa takan ƙara shan mai a doguwar tafiya.

Babban haɗarin yana ga birki: idan man aksul ya yi yoyo ya jiƙa shi, mota ba ta tsayawa da lodi. Saboda haka wanda ya gyara giya ya bar birki bai yi tsimi ba, ya jefa kayansa da ran direbansa cikin haɗari ne.