Kafin ka ɗauko kwikwiyo: abin da kowane yaro a Limancin Kona ya kamata ya sani

Limancin Kona unguwa ce ta malamai da almajirai a cikin birnin Zariya. Gidajenmu manne suke da juna, lungunanmu kuma matsattsu ne. Tun da asuba yara ke bin su zuwa makarantar allo, da hantsi su nufi boko, da yamma kuma Islamiyya. A irin wannan wuri, kare ɗaya da aka saki ya zama lamarin unguwa gaba ɗaya, ko da kuwa mutum ɗaya ne ya kawo shi.

Samari da yawa a cikinmu na sha'awar ajiye kare: wani don farauta da rani, wani don gadin gona a bayan ganuwa, wani kuma hoton karnukan Turai ya gani a waya. Malamanmu sun koyar da mu cewa hadisi ya halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, sun kuma ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Ke nan duk wanda ya ɗauko kare ya ɗauko amana biyu: ta dabbar da ta maƙwabta.

Cutar da ba ta jira

Babban haɗarin cizon kare shi ne cutar haukar kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga jikin mutum ta wurin cizo ko yakushi, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Yawanci tafiyar na ɗaukar wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A tsawon wannan lokaci ciwon ya warke, yaro na wasansa, kowa ya manta. Amma da zarar alamu sun bayyana, irin su zazzaɓi, ruɗewa da tsoron ruwa, kusan babu wanda ke tsira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kusan mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke samun ta, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'inmu da ƙannenmu.

Abin takaicin shi ne maganin hana ta ya daɗe a duniya. A shekarar 1885 masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Don tunawa da Pasteur ne aka ware ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ta zama ranar yaƙi da wannan cuta a duniya.

Idan kare ya tare maka hanya

Kuskuren farko shi ne gudu. Kare ya fi mu sauri, kuma ɗabi'arsa ce ya bi duk abin da ya ruga. Ka tsaya cak, ka haɗa hannayenka a jikinka, kada ka yi ihu, kada ka zuba masa ido domin yana ɗaukar hakan a matsayin neman faɗa. Idan ya daina kula ka, sai ka ja da baya sannu a hankali ba tare da ka juya masa ƙeya ba.

Kare yakan yi gargaɗi kafin ya kai cizo: gurnani, fito da haƙora, gashin baya ya miƙe, jiki ya sandare. Idan ya kawo hari, ka tura masa jakar makaranta ko allonka ya ciza a maimakon jikinka. Idan ya kayar da kai, ka dunƙule, ka rufe wuya da fuska da hannayenka.

Karnuka uku ne bai kamata a matsa kusa da su ba: mai cin abinci, mai barci, da karya mai shayarwa. Sai kuma wanda ke dalalar da yawu, yana tangaɗi ko yana cizon duk abin da ya samu. Wannan a sanar da manya da mai unguwa nan take. Jifan kare don nishaɗi kuwa, wanda wasu yara suka mayar wasa, shi ke mayar da kare mai lafiya ya zama mafaɗaci, ƙaramin yaron da ya biyo baya kuma shi ke biyan bashin.

Idan an riga an cije ka

Kada ka ɓoye. Tsoron faɗa ko bulala na sa yara su rufe ciwo da wando su yi shiru, alhali faɗan Baba na yini ɗaya ne. Ko ɗan yakushi ne, ka faɗa.

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba har tsawon minti 15, a duba agogo. Kada a shafa toka ko barkono, kada a ɗaure shi tamau. Daga nan a tafi asibiti a ranar, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a nemi allurar rigakafin haukar kare. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban, kuma dole a kammala. Idan an san karen, a tsare shi a sa masa ido kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura.

Sabon kwikwiyo a gida

Da farko ka nemi yardar maigida da ta iyaye mata, tunda da su zai zauna lokacin da kake makaranta. Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya kai mako 8. Ka tanadar masa wuri mai inuwa nesa da wurin sallah da madafa, da kwanonsa na ci da na ruwa waɗanda ba a haɗa su da na mutane. Kada a ba shi ƙashin kaza dafaffe domin yana tsagewa a ciki, haka ma albasa da cakulan suna cutar da shi.

Yana cika wata 3 a kai shi a yi masa allurar haukar kare, a kuma riƙa sabunta ta kowace shekara. A nan mu Zazzagawa mun yi sa'a: Jami'ar Ahmadu Bello na da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru, inda za a duba shi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. A Najeriya ma ana yin wannan allura, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ka adana katin allurar, domin ranar da karenka ya yakushi ɗan maƙwabta shi za a fara tambaya.

Ka saba masa da mutane tun yana ƙarami, ka koya masa amsa kira da lada maimakon duka. Idan za ka fita da shi, ka sa masa igiya, ka kuma kwashe kashinsa daga lungu. Idan ba za ka iya ɗaukar nauyin abincinsa da allurarsa na shekara 10 ko fiye ba, gara ka bar shi wurin uwarsa da ka wayi gari ka jefar da shi a bola.

Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar na daina yaɗuwa a tsakaninsu. Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan unguwa za su iya ƙirga karnukan da ke lungunansu, su je wurin mai unguwa, su roƙi a gayyato likitocin dabbobi kafin 28 ga Satumba mai zuwa.