Kantar girki a Hasahisa: ruham, garanit ko siminti?

Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, Hasahisa ta biyo baya, mutanenmu ke ta komawa gida, da yawa kuma bango kawai suka tarar. An mai da ƙofa, an sa taga, yanzu magana ta iso madafa. Maigida yana can Jidda yana kasuwa, ya turo kuɗi, ya haɗo da hoton kicin ɗin da ya gani: kanta fara sol ta ruham, wato mabul. Uwargida kuwa ita za ta zauna da abin.

Ni dai ba na ba kowa shawarar ruham. Kyau kam akwai shi, amma dangin farar ƙasa ne, ba ya shiri da tsami. To wane girki muke yi babu tsami? Lemun tsami, tsamiya, ƙullun kisra da ya kwana, duk inda suka ɗiga sai sun cinye ƙyallin wurin. Zoɓo kuma, karkade ɗin nan da ba ma rabuwa da shi, shiga dutsen yake ya bar jan tabo.

Garanit ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ruwansa da lemo ko gindin tukunya mai zafi. Matsalarsa kuɗi da nauyi. Mita ɗaya murabba'i mai kaurin santimita 2 ya haura kilo 50, ga kuɗin mota, in ya fashe a hanya kuma asarar taka ce. Katakon nan na matse na kabad, kada ma a fara: ruwa ya kumbura shi, gara ta ƙarasa.

Abin da ke cikin hoto bai san ƙasarmu ba. Baƙar lakar Jazira, wadda ake noman auduga a kanta tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, kumbura take da damina, da rani ta dare har hannu ya shiga. Daɓen ɗaki na motsi tare da ita. In aka ɗora dogon dutse a kan ƙafafun bulo da aka dasa kai tsaye a laka, ko nawa aka saye shi yana iya tsagewa. Shi ya sa nake cewa kuɗin farko na ƙasa ne: a haƙe lakar, a cika da yashi da tsakuwa, a daddaɓe. Sannan a zuba kantar siminti da rodi a ciki, a yi ta ba ta ruwa kwana 7, kada a biye wa magini mai sauri. A sama a shimfiɗa tayil manya, don datti a tsakanin tayil yake maƙalewa. Wanda ya fashe a cire shi kaɗai. In da rarar kuɗi, a sa guntun garanit gefen murhu.

Alhaji, kafin ka turo hoto na gaba, tambayi Hajiya tsawon da take so. Santimita 85 zuwa 90 ake yi, amma gara ta tsaya a auna da ita. A kuma bar mata dakali a ƙasa na kanun da kaskon kisra, don iskar gas ba kullum ake samu ba, tuyar kisra kuwa a zaune ake yi. Turmi shi ma wurinsa ƙasa, ko kantar ta siminti ce.