Riƙon Tsohuwar Mota Don Sha'awa: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Saya

BAUCHI — A unguwanni irin su Gwallaga da ke cikin birnin Bauchi, ba a rasa tsohuwar motar Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, ajiye a ƙofar gida ko a bayan gareji, ƙura ta lulluɓe ta. Yawancin mutane kallon kayan 'yan gwangwan suke yi mata. Amma a ƙasashen waje riƙon irin waɗannan motoci da gyara su da tuƙa su don nishaɗi wani sashe ne na kasuwanci mai zaman kansa. Alal misali, a watan Mayu na shekarar 2022 an yi gwanjon wata motar tsere ƙirar Mercedes-Benz 300 SLR ta shekarar 1955 a kan kuɗi Yuro miliyan 135.

Ƙungiyar masu motocin tarihi ta duniya, wato FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi ne idan ta kai shekara 30 da ƙerawa, aka kuma riƙe ta bisa kamanninta na asali. Ke nan duk wata 504 da ta fito daga Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ta cika sharaɗin shekaru. Abin da ya rage shi ne sharaɗi na biyu, kuma a nan ne kuɗi suke tafiya.

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968. Shekara guda bayan haka ya ƙara da samfurin wasanni mai ƙofa biyu, wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara jikinsa. A kan hanyoyin Afirka ne motar ta yi suna. A 1975 Ove Andersson ya lashe tseren Safari na ƙasar Kenya da 504 mai ƙofa huɗu, sa'an nan a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya lashe na Safari da na Bandama a ƙasar Kwaddibuwa da mai ƙofa biyu mai silinda shida. A shekarar 1975 ɗin ce kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta soma harhaɗa motoci. An daina ƙera 504 a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har zuwa 2006.

Wannan tarihi yana da ma'ana ga aljihun mai sha'awa. Wanda ya ɗauko tsohuwar motar wasanni ta Ingila ko ta Jamus, kusan kowane ƙarfe sai ya yi odarsa daga waje da kuɗin musaya, ya kuma nemi makaniken da ya taɓa buɗe irin injinta. Ita kuwa 504 ta shafe shekara talatin tana aikin ofis da haya da tafiye-tafiye tsakanin Bauchi da Jos da Kano da Maiduguri, saboda haka ta bar abu biyu a ƙasa: kayan gyara a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Ikko, da kuma makanikai waɗanda a kanta suka koyi sana'a. Sai dai a lura, samfurin mai ƙofa biyu ba a Kaduna aka harhaɗa shi ba. Jikinsa da gilasansa da fitilunsa daban suke, ko da yake mai silinda huɗu yana da dangantaka ta kusa da mai ƙofa huɗu ta fuskar inji.

Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Na farko da za a duba shi ne jiki. Inji ana iya sauke shi a sake masa kayan ciki, amma idan tsatsa ta cinye ƙasan mota da inda ƙafafu suke kamawa, aikin walda da fenti kan zarce kuɗin motar kanta. A nan Bauchi tana da rinjaye a kan garuruwan bakin teku, domin bushewar iska ta watanni da yawa tana rage tsatsa. Amma abin da ruwa bai ci ba rana tana ci: robobi suna tsagewa, fenti yana ƙonewa, kujeru suna yayyagewa. Saboda haka rumfa ko gareji yana cikin jarin farko.

Na biyu shi ne inji. Injin 504 na fetur yana da gangar jiki ta baƙin ƙarfe da kai na alminiyam, kuma babban abokin gabansa shi ne zafi. Idan lagireto ya toshe, ko fanbel ya tsinke a zafin watan Afrilu, kan injin yana iya lanƙwashewa, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Ruwan rijiya zalla yana tara datti da tsatsa a hanyoyin ruwa, shi ya sa ake son a haɗa da maganin sanyaya inji. Haka kuma ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da kafireta. Motar da aka jingine ta fi wadda ake hawa saurin lalacewa, domin fetur yana daskarewa a kafireta, batir ya mutu, man burki ya sha raɓa, tayoyi su bushe ko da ba a taka su ba. Fita da ita mako-mako har injin ya ɗauki zafi ya fi arha a kan tayar da ita bayan shekara.

Na uku shi ne fetur da canjin kuɗi. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, faɗuwar darajar Naira ce take yanke wa masu motoci hukunci a Nijeriya. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da sakin Naira a kasuwar musaya a watan Yuni na shekarar, Dala ɗaya da take kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a 2024, litar fetur kuma da take ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama a shekarar 2024. Mota mai kafireta ta fi ta zamani shan mai, saboda haka ba ta dace da zirga-zirgar yau da kullum ba. Ta fi dacewa da fitar ƙarshen mako, kamar a miƙa hanyar Yankari da rana, tare da tuna cewa ba ta da jakar iska ko burkin zamani mai hana tayoyi cijewa.

Shin ko wannan jari ne? Ɗan kasuwa ya san cewa kadara iri biyu ce, mai kawowa da mai ci. Tsohuwar mota mai ci ce, ga inshora da sabunta takardu a kowace shekara, kuma masu sayenta kaɗan ne, ba a sayar da ita rana ɗaya kamar buhun masara. Darajarta tana cikin asalinta ne: lambar inji da ta jiki su dace da takardu, launi da kujeru su zauna yadda kamfani ya yi su. Wanda ya cire injinta ya dasa na wata mota ya sami sauƙin tafiya, amma ya zubar da abin da masu tara motoci suke biya.

Akwai kuma abin da kuɗi ba za su dawo da shi ba idan ya wuce. Makanikan da suke saita kafireta da kunne suna tsufa, yaran gareji kuma sun koma ga motoci masu kwamfuta, yayin da 'yan gwangwan suke sassare sauran motocin suna aunawa a sikeli. Duk wadda aka narkar, kayan gyaranta sun tafi ke nan. Don haka mai niyyar shiga wannan harka ya fara da neman makanike kafin mota, ya tara kayan da ba a ƙera su yanzu kamar fitilu da gilasai da ƙarafan ado, ya kuma ware kuɗin gyara dabam da jarin kasuwancinsa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka adana.